Dawar da Ta Daina Jiranmu

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha iska ba. A ɗakin malamai tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, har mai shayin bakin makaranta sai da ya riƙe kofina ya ce, "Malam Hamisu, wai da gaske ka shiga ƙasar Sabuwa ka fito?" Na shiga, na fito, ga ni da ƙafafuna biyu. Amma in labarin harbe-harbe kuke jira, ku nemi wani. Ban ga ɗan bindiga ko ɗaya ba. Dawa na tafi nema, kuma dawar ce ta kunyata ni.

Gidanmu, a wani ɗan ƙauye bayan Damari, muna da irin dawarmu. Kaura ce mai manyan ƙwaya, amma mu Mai-haƙuri muke ce mata, don ko ta yi wata guda da nuna ba a girbe ta ba, ba ta zubar da ƙwaya ɗaya. Tana nan tsaye tana jiran mai ita. Kowace kaka, kafin a sa mata wuƙa, Baba zai shiga gona shi kaɗai, ya bi kunya-kunya, duk zangarniyar da ta yi mashi ya ɗaura mata jan tsumma. Waɗannan su ne iri. A yanke su daban, a rataye a ɗakin girki saitin murhu, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari. Ba a sayar da ita. Ɗiyar gidan in za ta ɗakin miji, akan sa mata zangarniya ɗaya cikin kayanta.

Shekara biyar ke nan da na ɗauko Inna daga can, lokacin da mutanen daji suka hana kowa sakat. Baba ya riga ya rasu. Na zo da a-kori-kura, na loda katifa, na loda kwanuka, har da wata tsohuwar talabijin da ba a taɓa samun wutar kunna ta ba. Sai ga Inna ta fito rungume da damin iri, duk baƙin hayaƙi.

Na ce, "Haba Inna, dawa ce fa! Dawa ta ƙare a kasuwa ne? Ba wuri. Wata uku ma mun dawo."

Ta juya, ta mayar da shi inda ta ɗauko. Bayan tafiyarmu aka ƙone gidan.

Nan Katsina kun san inda muke, ɗaki biyu na haya. Idonta ya yi rauni. Tuwon dawar kasuwa takan taɓa shi da yatsa biyu ta ture. Da kakar bana ta kama, wata safiya ta kira ni ta ce, "Hamisu, a hannun kakar ubanka dawar nan ta shigo gidanmu. Ba ta yanke ba sai a hannuna. In na je lahira suka tambaye ni, me zan ce?"

Na ce, "Inna, ai laifina ne."

Ta ce, "Kai za a tambaya? Wa ya san ka?"

Abin da ya fitar da ni ke nan. Na lissafa inda Mai-haƙuri ta bi aure: Gwaggo Asabe a Ƙanƙara, Yaya Binta a Tafoki. Na ɗauki littafin rubutu da 'yan ledoji, ni malamin ilimin halittu, wai zan rubuta sunan kowane iri a jikin ledarsa.

Motar Ƙanƙara mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ni ina matse tsakanin wani falke da wata tsohuwa mai kaji. Abin da na fara lura da shi, ba mai tambayar wani ina za shi. A da kafin a kai Dutsin-ma an san sunan kakanka. Yanzu kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Muna gab da shiga gari taya ta fashe, tau! Wallahi ban san lokacin da kaina ya shige ƙarƙashin kwandon kajin nan ba. Da muka gane taya ce, kowa ya ɗago yana kakkaɓe riga. Ni na yi dariya don in kore kunya, na duba na ga ni kaɗai ke yi.

Gidan Gwaggo Asabe na same shi maƙil da dangin da suka gudo daga ƙauyuka. Har rumfar awaki an kewaye ta da buhu an mai da ita ɗaki. Ta kawo mani dafaffen rogo da ƙuli, ta zauna tana kallona ina ci. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ta sunkuyar da kai.

"Ɗan nan, ka makara. Shekarar da suka zo mani gaba ɗaya, mu goma sha tara muka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Na sauko da ita na daka da hannuna. Ina dakawa ina ba ta haƙuri."

Ni da shegen bakin malanta, sai na ji na ce, "Gwaggo, ai dawa ba ta ji."

Ta dube ni sama da ƙasa. "To, Malam Boko. Kai da kake ji, me ka ji da uwarka ta ce a ɗauko ta?"

Na ture kwanon rogon gefe.

Washegari na hau babur zuwa ƙasar Faskari. Hanya duk rami, ɗan acaɓan kuma gudu yake kamar ya ci bashin rai, ya ce tafiya a hankali ta masu tsautsayi ce. Da muka doshi Tafoki wani abu ya riƙa damuna ban gane shi ba, sai can na farga: ina hango gari tun daga nesa. Ga kaka ta yi, lokacin da ya kamata dawa ta rufe gari ruf, sai ka zo bakin gidaje kafin ka san ka iso. Yanzu ko'ina waken suya ne da gyaɗa, babu abin da ya wuce gwiwa.

Mijin Yaya Binta, Malam Iro, shi ya warware mani. Ya ce, "Dawar da ta fi mutum tsawo ai maɓoya ce. Mutum talatin sai su kwanta a ciki ba ka sani ba. Gari ya taru aka yanke, ba mai shuka dogon kara kusa da gidaje. Gonakin nesa kuwa wa zai je? Taku na ajiye ta shekara uku a rataye. Bara na gwada 'yar kaɗan a bayan ɗaki, ko ɗaya ba ta tsiro ba. Iri ai ba kuɗin azurfa ba ne da za ka binne ka dawo ka tarar."

Yaya ta tuƙa tuwon masara da miyar kuka, ba ta yarda mun haɗa ido ba. A zaure na kwana. Da safe Malam Iro ya ga takalmana a bakin ƙofa, na jere su tsaf irin na mutanen birni, ya girgiza kai ya ce nan da takalmi a ƙafa ake kwana. Ya kuma ce ba mai haɗa 'ya'yanshi ɗaki ɗaya. Biyu a nan, biyu gidan ƙanenshi, ɗaya wajen kaka, don in an faɗa wa gida ɗaya kada a kwashe duka. Ƙasar da aka yanke mani cibiya ke nan, ina zaune ana koya mani al'adunta kamar baƙon Ikko.

Da hantsi muna zaune gindin darbejiya, babura na wucewa ɗaya-ɗaya, awaki na kiwonsu ba ruwansu. Can sai na ga sun ɗaga kai gaba ɗaya. Ni ban ji komai ba. Wata jar akuya ta yi gaba, saura suka bi ta a guje suka shige gida, har da 'yan ƙanana. Malam Iro ya miƙe, ya naɗe tabarma, ya ce, "Taso." Muna cikin zaure sannan na jiyo rugugin babura masu yawa. Ashe 'yan sintiri ne ke dawowa.

Ya ce, "Awakin ba su san wa ke kan baburan ba. Yawan suka sani. Babur ɗaya, biyu, ba su kulawa. In sun wuce haka, kafin mu ji sun ji."

Na ce, "Wa ya koya masu?"

Ya ce, "Ni wa ya koya mani?"

Shekara goma sha biyar ina tsayawa gaban allo ina faɗa wa 'ya'yan mutane cewa halitta ba ta da ta cewa a sauyin da ke samunta. Nakan ce duniya rariya ce, dabba da tsiro kuwa tsaba, wanda ya dace da ƙofa ya wuce, wanda bai dace ba a watsar. Misalin nan ina ji da shi, har a jarrabawa nake sa shi. Na buɗe baki zan ba Malam Iro, sai na tuna da Gwaggo Asabe, na rufe.

Ya rage gonarmu kawai. Malam Iro ya ce hauka ne, shekara biyar ba shuka me zan tarar? Na ce ko gyauro ne, wanda ke fitowa da kanshi daga ƙwayar da ta zube. Ya ce Allah ya tsare.

Sai da muka zagaya ta Dandume kafin na kai Sabuwa, daga nan na sake hawa babur zuwa Damari. Bayan Damari kaɗan akwai wani gungumen icce da aka gicciye a hanya. Babu allo, babu tuta, amma duk ƙasar nan ban taɓa ganin iyakar da ta kai ta gaskiya ba. Daga can ba makaranta, ba asibiti, ba wanda zai zo in ka yi ihu. 'Yan sintiri suka sauke ni, suka zazzage jakata. Da suka ga littafi da biro da ledoji, fuskokinsu suka canza. Baƙo mai rubutu, yana neman shiga daji. Ɗaya ya ce, "Sunan wa da wa aka aiko ka ka rubuto?" Na ce dawa nake nema. Ban taɓa faɗin gaskiyar da ta yi kama da ƙarya irin wannan ba.

Wani tsoho da ke zaune gefe da bindigar toka a cinya ya taso, ya leƙa fuskata. "Ku sake shi. Ɗan Malam Audu ne. Ba ku ga kunnuwan ba?"

Baba Makau ke nan, maharbi, abokin Baba tun suna samari. Kunnuwan da aka yi ta tsokanata da su tun ina firamare, ranar su suka cece ni. Da ya ji abin da ya kawo ni bai yi dariya ba. Ya ce an ɗan samu lafawa kwanan nan, zai raka ni, amma da sharaɗi: ba babur, don yana da ƙara, kuma kafin azahar mun fito ko mun samu ko ba mu samu ba. Ya aro mani wani keke wanda burkinsa ƙafar mai shi ce. A gangaren farko na zarce cikin sarƙaƙiya, wandon zuwa makarantata ya tsage har gwiwa. Tsohon ko waiwayowa bai yi ba.

Ƙauyenmu ba zan ba ku labarinshi ba. Na ga kukar ƙofar gida, na ga bango ɗaya na ɗakin girki a tsaye, ciyawa ta fi ni tsawo a inda Inna ke shanya. Baba Makau ya ce, "Kada ka tsaya." Ban tsaya ba.

Muka ɓullo ta bayan gari, sai ga ta.

Gyauro ne, amma wane irin gyauro! Ta cika ƙasan gonar wajen rafi, ba kunya ba layi, ta yi tsayi, kawuna sun nuna suna lilo. Na yar da keke na ruga, ina faɗin alhamdu lillahi da ƙarfi har tsohon ya ce in yi a hankali. Na kamo kara na tanƙwaro, na damƙi zangarniya.

Shaaa! Ta zube ƙasa gaba ɗaya. Abin da ya rage a hannuna soshiya ce, ƙwaya ko ɗaya babu.

Na kama ta biyu, haka. Ta uku ma ban kai ga kamawa ba, kafaɗata ce ta gogi karan. Na durƙusa na tsinci ƙwayar. Ƙanana ne, baƙin ƙaiƙayi ya rufe su, ga wani gashi mai tsini a kai. Amma da na murje ɗaya, sai ga launin nan namu a ciki, ga kuma yadda wuyan zangarniyar ke lanƙwasa. Tamu ce. Wallahi tamu ce.

Nan take na gane abin da ya faru, don shi nake koyarwa. Na miƙe na fara yi wa Baba Makau darasi a tsakiyar daji, da yagaggen wando. Na ce waɗanda suka riƙe ƙwayarsu suna jiran girbi, tsuntsun jan baki ya sauka ya cinye su a tsaye, ba su bar baya ba. Waɗanda suka saki tasu da wuri, ta shige ƙasa ta tsira. Ga kuma dawar dajin nan ta bakin rafi, wadda Baba ke sa mu tuge kowace shekara kafin ta yi fure. Ba mai tugewa, iska ta haɗa su aure. Shekara biyar ana haka, ga abin da ya fito.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "To, duk cikin wannan, ita ba ta yi komai ba ke nan?"

Na ce, "Ba ta da zaɓi, Baba. Yi mata aka yi."

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ubanka shekara hamsin yana tashi da asuba saboda ita. Ya share mata wuri, ya kai mata taki a kanshi, ya kore mata tsuntsu, ya gina mata rumbun da ya fi ɗakin kwananshi kyau. Har ɗiyanshi mata sai da ta bi ta shiga garuruwan da ba ta da ƙafar zuwa. Kai a karatunka shi ya mallake ta? Barantaka ya yi mata, ita kuma ta biya shi da jira. Baran ya rasu, ɗanshi ya gudu, sai ta tsaya ta mutu don ta faranta maka? Wanda ya halicce ta bai bar ta ba dabara ba."

Ya zaro wuƙa ya tona ƙasa kamar rabin taƙi, ya ɗebo ya baza a tafinshi. Ga ƙwayoyi nan a ciki, tsofaffi, lafiyarsu lau, ba su tsiro ba. "Na bara ne da na bara waccan. Ba duka take fitowa lokaci ɗaya ba. In gobara ta cinye na sama, akwai na ƙasa. Ka kwana Tafoki, ka ga yadda suke raba 'ya'ya ai."

Ina da amsar da zan ba shi, kuma littafi bai yi ƙarya ba. Har wannan kwanciyar ta ƙwaya akwai sunanta a ciki. Amma ina tsaye a wurin sai misalina na rariya ya zame mani abin kunya. Tsabar da ke cikin rariya ba ta kai saiwa wajen ruwa, ba ta jinkirta fitowa, ba ta sa mutum ya gina mata rumbu. Ban ce tana da niyya irin tamu ba, wannan Allah ya bar wa kanshi sani. Abin da na sani, an bar mu ni da ita a shekara ɗaya. Ita ta nemo hanyar zama a wurin. Ni da digirina ina ɗakin haya ina jiran a ce an daina.

Na ce, "Ba za a rasa ɗaya mai riƙewa ba."

Ya dubi rana, ya ce in yi sauri. Muka shiga muna ɗallin kawuna da yatsa, duk wadda muka taɓa sai ta zube mamu a ka, a wuya, cikin riga. Ƙaiƙayi ya ci jikina har na daina sosawa. Rana ta kusa tsaka sannan na sami ɗaya can gefen tudu, 'yar ƙarama. Na ɗalle ta, ba ta zube ba. Na sake, ba ta zube ba. Na yagi bakin wandona, tun da ya riga ya yage, na ɗaura mata yadda Baba ke yi, sannan na yanke. Ban yarda da leda ba. Hulata na cire na sa ta a ciki, na naɗe, na cusa cikin riga a ƙirjina.

Haka na dawo da ita. A keke hannu ɗaya na tuƙa. A babur na hana ɗan acaɓa gudu har muka yi cacar baki. A mota na zauna a karkace wuni guda cur, duk ramin da muka faɗa sai in ji shi a haƙarƙarina. Wani fasinja ya tambaye ni ko ciwon zuciya gare ni, na ce mashi e.

Na tarar da Inna a kan tabarma bayan la'asar. Ko ruwa ban sha ba na durƙusa, na warware hular a gabanta.

Soshiya ce. Hanya ta kakkaɓe ta. Ƙwayar duk ta taru a gindin hula, sai 'yan ƙalilan da suka rage manne a can ƙasan zangarniyar, ba su fi a ƙirga da yatsun hannu biyu ba.

Inna ta lalubo. Ta shafa wuyan zangarniyar, ta tsaya a kan tsumman da na ɗaura, ta daɗe. Sannan ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga cikin hula, ta murje, ta sa a baki ta ciza. Fuskarta ta yamutse don ɗaci, ta tofar.

Ta ce, "Ita ce."

Na ce, "Inna, ta lalace."

"Ba ta lalace ba. Wayo ta yi."

Sai bakina ya ɓalle. Na ce ga waɗannan da suka riƙe duk wuyar hanya, su ne iri. Damina na zuwa zan nemi aron fili a bayan gari in shuka su. Wadda ta riƙe in ɗaura mata tsumma, wadda ta zubar in tuge. Badi ma haka. Na ce a ilimance abu ne mai yiwuwa, in ana bin ta ba fashi, shekara biyar ko shida za ta koma yadda take, har ta ci tuwonta in sha Allahu.

Tana saurarena tana tsinke 'yan ƙwayoyin nan daga soshiyar, ɗaya bayan ɗaya, tana tarawa a tafin hannunta. Na miƙa hannu in karɓa in sa a leda, in rubuta suna.

Ta ce, "Wancan karon wata uku ka ce."

Ta jawo bakin zanenta, ta zuba su, ta ƙulle tam. Har yau suna jikinta, da su take kwana. Ban sake tambaya ba.